Ina Allah Yake a Daren Tsauwa?

  

Yau za mu ɗauki wata tambaya wadda yawancinmu muke gudu. Ba a cika yin ta a cikin majami'a ba. A bakin hanya ake yin ta bayan an tashi sujada, ko da tsakar dare sa'ad da barci ya ƙi zuwa. Wani lokaci kuwa ɗanka ne, wanda ka sayar da hatsi ka biya masa kuɗin makaranta, zai dawo hutu daga Dutsin-Ma ko Zariya ya jefa maka ita kana cikin cin tuwo: “Baba, in da Allah, me ya sa ya bari?” Sai ka rasa ta cewa, ka daka masa tsawa, maganar ta mutu. Amma a zuciyarsa ba ta mutu ba.

Bari mu fara da abin da ya jawo tambayar. Ƙasar Batsari da ta Safana suna yammacin Jihar Katsina, a gefen dajin Rugu wanda ya miƙa har iyakar Zamfara. Mutanen wurin manoma ne da makiyaya. A watan Mayu na 2019, farkon damina, 'yan bindiga suka kashe mutum 18 a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari. Mutanen garin suka ɗauko gawawwakin har cikin birnin Katsina domin masu mulki su gani da idonsu. Ran Jumma'a 14 ga Fabrairu 2020 da dare aka faɗa wa Tsauwa da Dankar. 'Yan sanda suka ce mutum 30 aka kashe, aka ƙone gidaje da hatsi da dabbobi. Da yawa cikin waɗanda suka mutu tsofaffi ne da ƙananan yara, wato waɗanda ba su iya gudu ba. Bayan wata biyu, ran 18 ga Afrilu, aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Kafin shekarar ta ƙare, ran 11 ga Disamba, aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida.

An gwada magani iri iri. Gwamna Masari ya zauna sulhu da mutanen daji a 2019, sulhun bai daɗe ba. A 2021 aka hana cinikin dabbobi a waɗansu kasuwanni, aka kuma katse layukan waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu. A 2023 Gwamna Radda ya kafa rundunar tsaro ta 'yan gari. A 2025 shugabannin al'umma a Batsari da Jibiya da Safana suka sāke zama da masu bindiga. Auna waɗannan matakai aikin waɗansu ne. Abin da ke gabanmu shi ne tambayar da ta rage a zuciyar mutane ko da bindiga ta yi shiru.

Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya ɗaya tun da wuri. Yawancin waɗanda aka binne a waɗannan ƙauyuka maƙwabtanmu Musulmi ne, gama masu bi kaɗan ne a wannan yanki. Fulani da yawa su ma an sace musu shanu, an kuma kashe waɗansunsu ba tare da shari'a ba. Mu ma wutar ta taɓa mu, kamar yadda aka sace limaman Katolika biyu a Gidan Mai Kambu ta ƙasar Kafur a watan Mayu na 2022. Amma kada mu yi magana kamar hawayenmu ne kaɗai Allah yake ƙirgawa. Dukan wanda ya mutu a Tsauwa cikin kamannin Allah aka halicce shi.

Tambayar tana cikin Littafinmu

Abin mamaki shi ne, masu musun Allah ba su riga mu yin wannan tambaya ba. Bayin Allah ne suka fara yin ta, Ruhu Mai Tsarki kuwa ya bari aka rubuta.

Ku buɗe Littafin Mahukunta sura 6. Shekara bakwai Madayanawa suna zuwa da raƙumansu duk sa'ad da Isra'ilawa suka yi shuka, su lalatar da amfanin gona, su kore tumaki da shanu da jakuna. Mutane suka bar gidajensu suka koma kogwannin duwatsu. Gidiyon a ɓoye yake sussukar alkamarsa a wurin matse inabi don kada a gani a ƙwace. Wane manomin Runka ko Ruma ne zai karanta wannan bai gane ba? Mala'ikan Ubangiji ya zo ya gaishe shi, ya ce Ubangiji yana tare da shi. Gidiyon bai ce amin ba. Tambaya ya mayar: in haka ne, don me wannan duka ya same su, ina kuma al'ajaban da kakanni suka ba da labari? Ku lura, ba a kashe shi saboda wannan magana ba. Aike shi aka yi.

Ayuba fa? Masifarsa ta fara da satar shanu. Mahara suka kore shanun huɗa da jakuna, suka kashe barorin. Wata ƙungiyar kuma ta rabu kashi uku ta kwashe raƙuma. Sa'an nan 'ya'yansa goma suka mutu rana ɗaya. Annabi Habakuk kuwa da ƙara ya buɗe littafinsa: yana kuka saboda kisa da zalunci, yana ganin kamar Allah ba ya ji, shari'a ta shanye, mugaye sun kewaye adalai. Zabura ta 10, da ta 13, da ta 88, duk haka suke. Ta 88 ma cikin duhu ta ƙare, ba wata kalmar ta'aziyya a ƙarshenta. Waɗannan su ne waƙoƙin da jama'ar Allah suka yi sujada da su.

Saboda haka idan ɗanka ya yi tambayar Gidiyon, bai fita daga cikin Littafi Mai Tsarki ba tukuna.

Abin da mai musun Allah yake cewa

Bari mu shimfiɗa maganarsa yadda take, kada mu rage mata ƙarfi domin mu ji daɗin ka da ita. Yana cewa: ku Kirista kun ce Allah mai iko duka ne, mai ƙauna kuma. To, a daren Tsauwa, ko dai ya so ya hana amma ya kāsa, ashe ba mai iko ba ne. Ko kuwa yana iyawa amma bai so ba, ashe ba mai ƙauna ba ne. In yana so, yana kuma iyawa, daga ina wutar ta fito? Mafi sauƙi, in ji shi, a ce babu shi.

Wannan magana tsohuwa ce. Ana danganta ta ga Epikurus, wani masani Bahelene da ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu. Mabiyansa suna cikin waɗanda suka yi muhawara da Bulus a Atina, cikin Ayyukan Manzanni sura 17. Yau ta shigo wayar 'ya'yanmu da sabuwar riga, amma ita ce dai.

Amsarmu ta fari ita ce mu tambaya: wa ya kunna wutar? Allah bai hau babur ya shiga Tsauwa ba. Mutane ne suka shiga. Bayansu kuma akwai waɗansu mutane: wanda ya sayar da bindigar, da wanda ya kai musu mai da burodi, da ɗan gari da ya nuna gidan da ke da shanu, da mai sayen saniyar sata da araha yana sane, da wanda ya nome burtali, da alƙalin da ya karɓi cin hanci ya danne makiyayi, da ma'aikacin da ya cinye kuɗin makaranta da na asibiti har yaron daji ya girma bai san komai ba sai bindiga. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin mu kai ƙarar Allah, akwai dogon layi na 'yan adam da ya kamata su amsa.

Sai mai musun ya ce, to, don me Allah ya yi mutum da ikon yin haka? Ku dubi bijimin huɗa. Yana bin kunya sosai, ba ya kaucewa, amma ba wanda ya taɓa yabonsa da aminci, gama igiyar da ke hancinsa ce take bi da shi. Ɗanka kuwa, idan ya tashi da asuba ya tafi gonarka ba wanda ya sa shi, wannan ne ake kira ƙauna, domin yana da ikon ya ƙi. Allah ya so 'ya'ya. Hannun da aka sakar masa ya ba maraya abinci, shi ne kuma hannun da zai iya ɗaukar adda. Tun a Farawa sura 4 muka ga wannan, inda manomi ya tasar wa ɗan'uwansa makiyayi a saura. Allah ya gargaɗi Kayinu kafin ya yi, ya tuhume shi bayan ya yi, ya kuma ji kukan jinin Habila daga ƙasa. Amma bai ɗaure masa hannu ba.

Mun sani akwai sauran magana. Wani zai ce, ba sai ya ɗaure kowa ba, ya kautar da harsashi ɗaya kawai daga jikin jariri. Wannan ita ce tambaya mai zafi, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji zafinta ba. Abin da Ubangiji ya koya mana a Matiyu sura 13 shi ne misalin gonar da magabci ya shuka wa mugun iri da dare. Barori suka so su tuge nan take, maigidan ya hana, don kada a tumɓuke hatsin tare da shi. A jira kaka. Mu da muke roƙon Allah ya share mugaye a daren nan, a ina muke so ya tsaya? Ga mai bindiga kaɗai? Ga mai tauye mudu fa? Ga mai ƙiyayya a zuciya wanda bindiga ce kawai bai samu ba? In aka fara tugewa, wanenmu zai kwana a gonar? Bitrus ya ce jinkirin nan haƙuri ne, domin a sami masu tuba. Shawulu da ya tsaya yana goyon bayan kisan Istifanas, da an tuge shi a ranar, da ba mu da wasiƙun Bulus.

Duk da haka wannan ba ya gaya wa uwa dalilin da ya sa nata ɗan ne ya mutu. Ayuba ma, sa'ad da Allah ya yi masa magana daga cikin guguwa, ba a ba shi dalili ba. An nuna masa wanda yake riƙe da duniya, da ƙanƙantar abin da idon mutum yake iya hange. Yaron da aka danne domin a cire masa ƙaya ba ya ganin komai sai azaba, ko da yake uwarsa ce ta danne shi. Rashin ganin dalili daga inda muke tsaye bai isa ya zama shaida cewa babu dalili ba.

Akwai kuma wahalar da ba hannun mutum a ciki: fari irin na 1973, da annoba, da girgizar ƙasa. Ran 1 ga Nuwamba 1755, ranar idin dukan tsarkaka, girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon na ƙasar Fotugal da safe, mutane suna cikin majami'u. Dubban mutane suka hallaka, bangaskiyar masana da yawa a Turai ta girgiza tun daga ranar. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ba. Romawa sura 8 ta kwatanta halitta duka da mace mai naƙuda: duniyar da muke ciki ba yadda za ta kasance ke nan ba, ta lalace tana jiran 'yanci. Yesu kuwa duk inda ya tarar da cuta, yaƙarta ya yi. Saboda wannan ne masu bishara na SIM suka karɓi aikin jinyar masu cutar kuturta a Babbar Ruga, a kan hanyar Katsina zuwa Batsari, tun ƙarshen shekarun 1930. Ba su ce wa marasa lafiya ƙaddararku ce ba. Wanke musu miki suka yi.

Mudun da ake awo da shi

Yanzu mu ma muna da tambaya ga mai musun Allah, cikin ladabi. Ka ce abin da aka yi a Tsauwa mugunta ne. Mun yarda ƙwarai. Amma da wane mudu ka auna?

Idan mace ta dawo daga kasuwa ta ce an tauye mata awo, maganarta tana da ma'ana ne domin akwai cikakken mudu wanda kowa ya sani. In babu cikakken mudu, ba a tauye kowa ba. Wannan ya ba da kaɗan, wancan ya ba da da yawa, shi ke nan. Haka nan, in duniya ta fito ne haka kawai ba mai ita, in mutum dabba ce kurum mai wayo, to mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi abu ne na kullum, kamar yadda shaho yake ɗaukar ɗan tsako ba wanda ya kai shi kotu. Za ka iya cewa ba ka so. Ɗan bindiga kuma ya ce shi yana so. Wa zai raba ku? Amma zuciyarka ba ta yarda da haka ba. Ta san ƙone tsohuwa a cikin ɗakinta laifi ne na ainihi, ko da dukan duniya ta ce ba laifi. Wannan sanin daga ina ya zo? Bulus ya ce a Romawa sura 2 akwai shari'ar da aka rubuta a zuciyar kowane mutum, har da wanda bai taɓa ganin Attaura ba. Fushin da kake yi da Allah, da mudunsa kake yin awon.

Wani malamin jami'a a Ingila, C. S. Lewis, ya yi shekaru yana musun Allah saboda zaluncin duniya, har ya lura da wannan abu a cikin tunaninsa. Ya ba da gaskiya ga Almasihu a 1931, ya kuma yi jawabai a kan bangaskiya a rediyon BBC a lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1941 zuwa 1944. Sa'ad da matarsa ta mutu da ciwon daji a 1960, shi ma ya sāke kokawa da tambayar, ya rubuta baƙin cikinsa bai ɓoye ba. Mun ambaci wannan domin kada wani ya zaci mai amsa a baki ya wuce kuka.

Kada kuma a ji mu ba daidai ba. Ba mu ce mai musun Allah mugun mutum ne ba. Akwai waɗanda ba su yarda da Allah ba amma sun fi waɗansunmu gaskiya a ciniki, abin kunya ne gare mu. Cewa muka yi kirkin da yake yi da zafin da yake ji suna da tushen da koyarwarsa ba ta iya bayyanawa.

Game da masu cewa kimiyya ta kori Allah, ba za mu daɗe ba. Kimiyya tana bayyana yadda hadari yake haɗuwa da yadda ƙwayar gero take tsiro, muna kuwa godiya. Ba ta faɗi dalilin da ya sa akwai wani abu tun farko ba. Mutumin da ya nuna da lissafi a 1927 cewa sararin sama yana faɗaɗa, ya kuma kawo tunanin cewa yana da mafari, Georges Lemaître ne, limamin Katolika daga Beljiyam. Bai ga ya kamata ya ajiye ɗaya domin ɗayan ba.

Amsoshin da suke korar 'ya'yanmu

Nan za mu juya ga kanmu, gama sau da yawa bakinmu ne yake kore matasa fiye da littattafan Turai.

Akwai mai cewa, zunubinsu ne ya jawo musu. Abokan Ayuba ke nan. Kwana bakwai na fari da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, sun yi daidai. Da suka buɗe baki suka ɓata, har a ƙarshe Allah ya husata da su, ya ce Ayuba mai ƙara ne ya faɗi gaskiya a kansa. An taɓa kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Shi da kansa ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, a Luka sura 13, ya ce ba su fi sauran mutane zunubi ba. Duk wanda ya tsaya a bagade ya ce an kashe mutanen Batsari domin ba su karɓi bishara ba, ya saɓa wa Ubangijinsa, ya kuma zuba gishiri a miki.

Akwai kuma mai wa'azin cewa in kana da bangaskiya, in ka ba da baiko mai tsoka, harsashi ba zai same ka ba, ba za a sace naka ba. Wannan wa'azi yana tara jama'a, yana kuma haifar da masu musun Allah, gama ranar da aka sace 'yar mai bangaskiya, ko dai ya zargi kansa ko ya zargi Allah da alkawarin da Allah bai yi ba. Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kama Yakubu ya kashe shi da takobi. Ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya, sura ɗaya. Ba a ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba. Ibraniyawa sura 11 ma ta jera waɗanda suka tsere wa takobi ta wurin bangaskiya, ta jera kuma waɗanda takobi ya ci suna cikin bangaskiyar nan. Yaran Ƙanƙara sun dawo bayan kwana shida. Rabaran Lawan Andimi na Michika, ikilisiyoyi sun yi ta addu'a dominsa, aka kashe shi a watan Janairu na 2020. Muna ci gaba da roƙon kariya domin an umarce mu, muna kuma ganin amsa sau da yawa. Amma addu'a roƙo ce ga Uba, ba laya ba ce.

Sai kuma mai cewa, haƙuri, haka Allah ya so, ya naɗe hannu. Haƙuri abu ne mai kyau. Amma Allah ya riga ya faɗi abin da yake so: kada a yi kisankai, a yi wa gwauruwa da maraya adalci. Ikonsa yana iya juya mugunta ta haifi alheri, kamar yadda ya yi da Yusufu wanda 'yan'uwansa suka sayar. Wannan bai wanke 'yan'uwan ba, bai kuma sa sayar da mutum ya zama abin da Allah yake jin daɗinsa ba.

To, ina Allah yake?

Ga inda bangaskiyar Kirista take da abin faɗi wanda ba na gardama ba. Allahn da muke wa sujada bai zauna nesa yana kallo ba. Ya shigo. An haife shi a ƙasar da sojan baƙi suke mulki. Yana jariri iyayensa suka gudu da shi Masar da dare, bayansu kuwa aka karkashe yaran Baitalami. Ɗan gudun hijira ne tun bai iya tafiya ba. A bakin kabarin Li'azaru hawaye suka zubo masa, ko da yake ya san abin da zai yi. Wani na kusa da shi ya nuna inda yake saboda kuɗi. Mutane masu makamai suka zo da dare suka kama shi. Alƙali ya san ba shi da laifi, ya ba da shi don ya tsira da kujerarsa. A kan gicciye kuma, da bakinsa ya ɗauki farkon Zabura ta 22 ya tambayi Uban dalilin yashe shi. Tambayar da ɗanka ya yi a kan tuwo, Ɗan Allah ya yi ta da ƙusoshi a hannunsa.

Saboda haka ko me ya sa Allah ya jinkirta, ba rashin kula ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa ya kwana a ɗakin. Ya kuma ce a Matiyu sura 25 abin da aka yi wa mayunwaci da baƙo da ɗaurarre, shi aka yi wa.

Gicciye kaɗai da bai isa ba in da a nan labarin ya tsaya. A rana ta uku kabarin ya zama wofi. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa wajen shekara 25 bayan abin ya faru, ya ambaci Bitrus, da sha biyun, da Yakubu, da mutum fiye da 500, ya ce yawancinsu suna da rai a lokacin, wato mai shakka yana iya zuwa ya tambaye su. Mutanen da suka watse da gudu a daren kamun, su ne suka tsaya a Urushalima suna shaida, aka yi musu bulala, aka kashe waɗansu, ba su janye ba. Mutum yakan mutu saboda ƙaryar da aka yi masa bai sani ba. Da wuya ya mutu saboda ƙaryar da shi ya ƙaga.

In Almasihu ya tashi, to akwai ranar shari'a, akwai kuma tashin matattu. Ku auna abin da mai musun Allah yake miƙa wa gwauruwar 'Yar Gamji: mijinki ya tafi ke nan har abada, wanda ya kashe shi kuwa in ya kuɓuce wa soja da kotu ya kuɓuta ke nan. An cire Allah daga lissafin, amma ba a cire kabarin ba. Mun sani daɗin magana ba ya mai da ita gaskiya, shi ya sa muka fara da kabarin da ba kowa. Amma in gaskiya ce, babu jinin da ya zuba a dajin Rugu wanda ba a rubuta ba, ba kuwa wanda zai sayi wannan Alƙali.

Yadda za mu yi da mai tambaya

A ƙasarmu musun Allah a fili abu ne mai hatsari. Mubarak Bala, mutumin Kano, shugaban ƙungiyar masu ra'ayin rashin addini ta Nijeriya a lokacin, an kama shi a Kaduna a watan Afrilu na 2020 saboda abin da ya rubuta a Facebook. A watan Afrilu na 2022 wata kotu a Kano ta yanke masa ɗaurin shekara 24. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 5 a 2024, daga baya aka sake shi. Ba mu yarda da koyarwarsa ba, ba ma kuwa goyon bayan zagin abin da wani yake girmamawa. Amma mu da muka san yadda ake tsananta wa mutum saboda abin da ya gaskata, bai kamata mu yi murna da sarƙa a ƙafar kowa saboda ra'ayinsa ba. Kurkuku bai taɓa amsa tambaya ba. Bitrus ya umarce mu mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu ga mai tambaya, da tawali'u da ladabi. Gaskiya ne Zabura ta 14 ta kira mai musun Allah wawa, amma in kun karanta ta duka za ku ga tana magana a kan masu cinye talakawa kamar abinci, suna zaman kamar ba mai ganinsu. Ta fi dacewa da mai karɓar kuɗin fansa fiye da yaron da zuciyarsa ta karye.

Ku iyaye, da dattawan ikilisiya, da shugabannin matasa da na zumuntar mata: idan yaro ya kawo tambayar, ku bar shi ya gama. Ku tambaye shi me ya gani, wa ya rasa. Sau da yawa za ku tarar akwai wata gawa a bayan gardamar. Yahaya Mai Baftisma da kansa, yana kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan ko a jira wani. Yesu ya aika masa da shaidar abin da ake gani, ya kuma yabe shi a gaban taro, ko da yake bai fitar da shi daga kurkukun ba. Toma ya ce shi ba zai gaskata ba sai ya taɓa. Mako guda cur yana zaune cikin almajirai da rashin gaskatawarsa, ba wanda ya kore shi, shi ya sa yana cikin ɗakin sa'ad da Ubangiji ya sāke zuwa ya nuna masa tabon ƙusoshin.

Ikilisiyoyinmu na Katsina da Dutsin-Ma da Malumfashi da Funtuwa, akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu suna zaune kusa da ku, akwai gwauraye da marayu, yawancinsu ba namu ba ne a addini. Kaka in ta yi, a ware musu daga cikin hatsin godiya, a kai musu ba tare da sharaɗi ba, a kuma tafi da matasan nan masu tambaya su riƙe bakin buhun.

Mu yi addu'a. Ya Uba, muna kawo maka mutanen Batsari da Safana, da na Tsauwa da Dankar da 'Yar Gamji, manoma da makiyaya. Ka ta'azantar da masu makoki, ka komo da waɗanda suke hannun mutane, ka ba masu mulki tsoronka, ka juyo da masu bindiga su tuba. Ka riƙe 'ya'yanmu da suke shakka har ranar da za ka nuna musu hannuwanka. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.